Wa Ya Kira Ka?

"To ke da kike ɗaki guda da shi, mi kinka gani?" in ji Inno, ba ta ko ɗago kai daga faifan shinkafar da take tsincewa ba.

"Ban ga komai ba, Inno. Yana cin abinci, yana salla, yana zuwa ofis."

"Shina fito."

Zakiyya ta sunkuyar da kai. Tun da mijinta Izzuddeen ya dawo daga Indiya yake yin fito, a banɗaki, a bakin rijiya, har yana ɗaure igiyar takalmi. Mutum mai hankali, ɗan gidan malamai, ba ya tsuke baki yana busa kamar mai kiran abin da ba a gani. Ita kanta da ta ji ya fara sai ta hau neman tsari a zuci, ta buɗe famfo ko ta kama jera kwanuka, don kada sautin ya shige ta. Ga ciki ya fara turo zane.

Ba da fito kaɗai ya dawo ba. Jiharsu sabuwa ce, ma'aikatun duk a gidajen haya suke, ana neman wanda za a tura koyon noman shinkafa, sai abin ya faɗa kansa. Ya tafi yana mutumin da ba ya ƙara gishiri a zance, ya dawo yana cewa a ƙarshen kwas an kai su yawon ganin ƙasa a tsaunukan wasu mutane da ake kira Khasi, ya taka gada mai rai, wadda ba a gina ta ba, shuka ta aka yi. Ya ce ya ga kwale-kwale yana tafiya a kan iska. Ranar da ya ce a can auta mace ke gadon gida, miji ne ke tarewa, 'yan barka da zuwa suka yi dariya har da riƙe ciki. Da ya rantse, dariyar ta tsaya, aka fara kallon juna.

Inno ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Kamar yadda ta saba in hankalinta ya yi nisa, wani ɗan sauti ya fito mata ta hanci, bakinta a rufe.

"Na'am, Inno."

Izzuddeen ne ya ɗaga labulen ɗakinsa, rabin fuskarsa kumfar aski.

Inno ta dube shi sama da ƙasa. "Wa ya kira ka?"

Ya buɗe baki, ya dubi Zakiyya, ya sake duban mahaifiyarsa. Sai ya yi wani murmushi mai ban tausayi ya saki labulen.

"Kin gani ko?" Inno ta yi ƙasa da murya. "Wanga shi ne na nawa? Ba a kira shi ba, shina amsawa. Da wa yake magana, ɗiyata?"

Zakiyya ta dubi labulen. Ita ma ba ta ji an kira shi ba. Kuma in da wanda ba zai taɓa kiransa ba a gidan nan, to Inno ce. Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa faɗin sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "mai gidanki". Maƙwabcinsu mai suna irin nasa ma "mai keke" take ce masa.

"Yau za shi Argungu karɓar hotuna," in ji Inno. "Na ce zan bi ku in gaida Baiwa. Na riga na aika wa Malam Sama'ila. Amma ya ce ba ya riƙe mutum mai iyali sai matatai ta shaida da bakinta. Abin da kinka gani za ki faɗa, ba ƙari ba ragi."

Zakiyya ta san gidan Malamin, inda ake tsare masu taɓin hankali, katanga ɗaya ce tsakaninsa da na Baiwa ƙanwar Inno. Ta taɓa hango mazan da ke zaune a gindin darbejiyar gidan, kawunansu a aske, wasu da mari a ƙafa. Wanda ya shiga sai damina ta juyo yake fita, ya fita da sunan da ba ya goguwa. Ta ga mijinta a cikinsu, da farar rigarsa ta ofis, sai idanunta suka kawo ruwa.

"Inno, a bari mu ga hotunan tukuna. In gadar nan ta fito fa?"

"In ta fito, in gan ta."

A cikin bas Inno ta zauna gaba, su biyu a baya, da wani dattijo mai buhun albasa tsakanin ƙafafunsa. Fadama ta shimfiɗu har iyakar gani, shinkafa ta yi ja, ƙasar a kwance kamar tabarma, babu ko tudun da ya kai rufin ɗaki. Izzuddeen ya kafa wa taga ido.

"Can babu wuri a kwance," ya ce. "Ko dai kana hawa ko kana sauka. Gajimare yana shigowa ɗaki ta taga, Zakiyya. Sai ki ga ya ratsa tsakaninki da wanda kike magana da shi."

"Ofisa, ka bari mu isa," ta ce a hankali. Haka take kiransa tun suna zance.

Amma dattijon ya riga ya ji. "Samari, wace ƙasa ce wagga? Suna da goro?"

"Ba su da shi, Baba. Kwai suke ba baƙo. A naɗe shi a ganye, a shafa farar ƙasa, ka tauna, bakinka ya yi ja."

"Ƙwai da farar ƙasa?"

"Ba ƙwai ba. Kwai."

"Na kaza ko na zabo?"

"Ɗan itace ne, Baba. Sunansa ke nan a bakinsu."

"Awo, itace ke yin ƙwai," in ji dattijon yana gyaɗa kai. Ya ja buhunsa ya ɗan matsa. Zakiyya ta ga ƙeyar Inno ta ƙame a gaba. Ta ji tana son ta rufe wa mijinta baki da tafinta, tana kuma son ta tashi ta ce wa motar duka wannan mutumin bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ba ta yi ko ɗaya ba.

A tasha Inno ta hau hanyar gidan Baiwa, ta ce su same ta kafin la'asar. Da za ta juya sai ta matse hannun Zakiyya.

Shagon Yari mai hoto yana bayan kasuwar kifi. Shi ke ɗaukar baƙi lokacin bikin kamun kifi, shi ya sa yake da hanyar wanke fim mai launi a Sakkwato. Abokin Izzuddeen ne tun makaranta.

"Mutanen Indiya," ya ce yana miƙa hannu. "Amarya, an ce mijinki fito ya koyo a can. Ka makara, abokina, Sarkawa masunta sun riga ka, kowane mashigi da mai jirginsa."

"Ba wannan fiton ba," in ji Izzuddeen yana dariya. "Kawo kayana."

Yari ya ɗauko ambulan, amma bai sake shi nan da nan ba. "Na farkon sun yi kyau. Na ƙarshen ne ban gane ba. Na sa an sake wankewa, haka sunka fito."

Na farkon kam ga su: Izzuddeen cikin rigar sanyi a gaban aji, Izzuddeen da wasu baƙin fuskoki a gonar gwaji. Daga nan sai fari. Hoto bayan hoto, fari fat, kamar an ɗauki cikin ƙwaryar nono. Wani yana da ɗan duhu a gefe. Wani yana da abu kamar yatsa.

"Wannan ruwan ne da ke zubowa daga kan dutse," in ji Izzuddeen, yana nuna farar takarda. "Tsawonsa ya fi... nan ne, ta nan yake saukowa. Wannan kuma..." Ya juya hoton ƙasa ya koma sama. Ya sake juya shi.

"Gadar fa?" in ji Zakiyya.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan wani da ke da baƙin layi a karkace, kamar igiyar shanya. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ko ruwa ya shiga kyamarar," in ji Yari, yana kallon wani wuri. "Ko kuwa abin da ke gabanta ke nan ta ɗauka."

Suka gangara bakin gulbi. Ruwan ja ne, mai kauri, yana tafiya a hankali. Masu fito suna tura jirage da gora, mata suna wanke kifi. Izzuddeen ya zauna a kan wani kifaffen jirgi, ambulan a cinyarsa.

"Na taka ta, Zakiyya," ya ce. "Saiwar itace ce, irin ta ceɗiya. Suna jan ta tana ƙarama su ɗora ta a kan ƙorama, su bar ta ta yi shekaru tana kama ɗaya gaɓar. Na riƙe ta da hannuna, tana da sanyi, ganye na fita a jikinta." Ya dubi tafin hannunsa. "Ko ban taka ba? Tun da na dawo kowa ke dubana haka-haka. Wani lokaci in na tashi da safe sai in ce ko zazzaɓi na yi a can, na yi mafarkin abin duka."

Wannan ya fi komai tsorata ta. Da ya yi gardama da ta san abin yi.

"Jirgin da ke tafiya a iska fa?"

"Ruwa ne a ƙarƙashinsa. Tsabar haskensa ba ka ganinsa, sai duwatsun ƙasa da inuwar jirgin." Ya nuna gulbi da haɓa. "Wa zan faɗa wa haka a nan?"

Ta dubi jan ruwan. Ta yi ƙoƙarin cire masa launi a ranta, ta kasa.

"To fiton?" Ta daure ta tambaya. "Ofisa, don Allah. Wa kake kira? Wa ke kiranka?"

Da ya fara amsawa, a hankali ya yi, kamar mai taka santsi.

Ya ce bayan gadar an hau da su wani ƙauye a ƙirjin tsauni. Tun daga nesa suka riƙa jin busa tana tashi daga kwari, wata tana amsawa daga sama, suka ɗauka tsuntsaye ne. Direban makarantarsu, wanda ɗan ƙasar ne, ya ce mutane ne. A ƙauyen nan, in mace ta haihu, takan yi wa jaririn ɗan sauti nasa shi kaɗai, ba kalma a ciki. Da shi za ta kira shi har ya tsufa. Suna da suna irin na kowa, amma wannan shi ne na uwa.

"Akwai wata tsohuwa, bakinta ja wur da kwai. Ta sa direba ya tambaye ni wane ne nawa. Na ce mu ba mu da wannan. Na ce ni uwata ko sunana ba ta faɗa, kunya ce a wurinmu. Da anka fassara mata sai ta yi dariya, ta ce to yaya aka yi na san lokacin da take nemana?"

"Ka ce mi?"

"Ban ce komai ba. Ban taɓa tambayar kaina ba." Ya shafa ambulan. "Da muna komawa gajimare ya rufe mu. Na tsaya ɗaukar hoto, na ɗago ban ga kowa ba. Ban ga ƙafata ba ma. Dama rami, hagu rami, ruwa yana ruri ban san ta ina ba. Na kira sunayen abokan tafiya, muryata ta dawo mini. Na yi salati, na tsuguna. Tsoro irin na yaro ya kama ni. Sai na ji ina yin wani sauti, ni kaina ban san na san shi ba. Na yi ta yin shi da ƙarfi, har direban ya biyo shi ya kamo hannuna. Ya ce, ashe kana da naka."

Ya tsuke baki ya yi fiton. Wata mai wankin kifi ta waigo ta tofar da yawu. Zakiyya ta ji harshenta ya kama neman tsari da kansa, sai ta cije shi. Karo na farko ta saurara. Sautin ya hau, ya sauka, ya sake hawa kaɗan ya tsaya kamar tambaya. Gajere ne ƙwarai. Ta ji kamar ta san shi, kamar fuskar da ka taɓa gani a wani gari, amma ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Na Inno ne," ya ce. "Ina jin na Inno ne. Tun ina yaro in tana yin shi sai in ga na baro wasa na shigo gida, in ce ƙishirwa nake ji. Yanzu da na gane, sai bakina ya riƙa amsawa kafin in hana shi."

"Mi ya hana ka faɗa mata?"

"In ce mata mi? Inno, shekara da shekaru kina kiran ɗan fari a gaban mutane? Ta ina za ta ɗaga ido?" Ya yi 'yar dariya maras daɗi. "Kuma in ba haka ba ne fa? Ga gada ma na ce na gani."

Rana ta karkata. Suka tashi suka nufi cikin gari. Zakiyya tana tafe tana auna zancen, duk inda ta ɗora shi sai ya zame. Inno takan yi ɗan sautinta, gaskiya ne, amma wace tsohuwa ce ba ta yi? Ita ba ta taɓa sauraron na Inno ba, kamar yadda ba ta taɓa sauraron nasa ba. Mai taɓin hankali ma ai yakan shirya zance ya yi daɗi. Ta dubi gefen fuskarsa, da ɗan yankan da aski ya yi masa da safe, sai son sa ya taso mata, tsoron sa kuma yana biye. A bakin lungun gidan Baiwa ta tsaya.

"Ba gaisuwa ta kawo Inno ba," ta ce. "Malam Sama'ila yana jiranka. Ni za a tambaya."

Ya dubi rassan darbejiyar da suka leƙo ta kan katanga. Bai yi fushi ba, ita kuwa fushin ta so.

"Mi za ki ce?"

"Ban sani ba."

"To," ya ce. Ya miƙa mata ambulan. "Riƙe. In an tambaye ki hujja."

Suka shiga zauren gidan Baiwa, shi a gaba. Zauren duhu ne, da 'yar katangar da ke tare tsakar gida. Yana shirin yin sallama Zakiyya ta riƙe masa hannun riga.

Daga bayan katangar wani ɗan sauti yake fitowa, ta hanci, baki a rufe. Ya hau. Ya sauka. Ya sake hawa kaɗan ya tsaya.

Aka yi shiru, sai ya sake dawowa, wannan karon da rawa a cikinsa, irin ta wanda ya daɗe yana duban ƙofa.

"Na'am, Inno," in ji Izzuddeen, can ƙasa.

Suka shiga. Inno tana zaune ita kaɗai a kan tabarma, ta baje 'yar jakar da Zakiyya ba ta lura da ita a mota ba: rigunansa biyu a ninke, da bargo, da carbin mahaifinsa. Idanunta sun yi ja. Ta yi sauri ta goge su da gefen mayafi.

"Wa ya..." ta fara.

"Ku ne, Inno," in ji Zakiyya. Ta durƙusa a gefen tabarmar. "Na ji da kunnena."

"Ni? Ban buɗe baki ba."

"Ba ku buɗe ba."

Zakiyya ba ta iya fito ba, kuma ba za ta yi shi a gaban surukarta ba. Sai ta rufe baki ta yi ta hanci. Bai fito daidai ba, ƙarshen ya karye. Amma hannun Inno ya tsaya cak a kan bargon.

"Wanga ba komai ba ne," ta ce. "Abin lallashi ne. Shina jinjiri ba ya kwana, ni kuwa ba ni iya..." Ta dubi ɗanta, abin da ba ta cika yi ba, sannan ta kawar da kai da sauri ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Sauran ɗiyan ban yi musu shi ba?" Kamar kanta take tambaya.

Izzuddeen ya tsuguna nesa kaɗan, kansa a ƙasa, kafaɗunsa suna motsi.

Baiwa ta leƙo daga ƙofar da ke ɓullawa maƙwabta. "Yaya, Malam ya idar da salla. Ya ce matar ta fara shigowa." Ta ga ambulan a hannun Zakiyya. "Hotunan ne? Gadar ta fito?"

Zakiyya ta zaro na saman. Fari ne, da baƙin layin nan a karkace. Har yanzu ba ta san ko saiwa ce ko igiya ba, ko tabo ne kawai a jikin fim. Wataƙila ba za ta taɓa sani ba. A daidai lokacin abin da ke cikinta ya motsa, ɗan fari, wanda ita ma ba za ta faɗi sunansa ba. Ta mayar da hoton, ta jawo jakar ta fara cusa rigunan.

"Ba ta fito ba, Gwaggo," ta ce. "A ba Malam haƙuri, ba ni da abin shaidawa. Da mijina zan koma gida yau, kafin motoci su ƙare." Ta ɗora bargon a sama ta juya ga surukarta. "Ku kuma, Inno, kafin in haihu sai kun koya mini yadda ake yin shi."